Mai gidanmu yana buɗe mana ɗaki da mukullinsa idan ba na nan, mene ne haƙƙina?

Mahauci_Funtua ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana doka da masana addini, don abin da ke damuna ya hana ni barci.

Ni mutumin Funtua ne, ina sana'ar fawa a mayankar Oko-Oba da ke Agege. Ina haya a cikin Agege ɗin, ciki da falo da banɗaki, a gida mai 'yan haya shida, kowa da ƙofarsa. Naira dubu 450 nake biya a shekara, kuma ban taɓa bari an tambaye ni ba. Ta banki nake turawa, shi kuma ya yago takardar littafin 'yan makaranta ya rubuta min rasit ya sa hannu. Babu yarjejeniya a rubuce. Da baki muka yi a gaban dillalin da ya kawo ni, kuma haka muke sabuntawa duk shekara.

Mai gidan dattijo ne, Bahaushe ɗan'uwanmu, haifaffen Legas. Masallacinmu ɗaya, Baba Alhaji nake ce masa, kuma ya haife ni. Wannan shi ne ya ɗaure min baki.

Ranar da ya ba ni mukulli ya ce zai riƙe guda saboda gobara ko fashewar famfo. Lokacin ni kaɗai ne, ban ga komai a ciki ba. Bayan Babbar Sallar da ta wuce na ɗauko iyalina daga gida. Ba ta jin Yarabanci, ba ta jin Turanci, kuma ba ta fita sai da ni. Ni kuwa ana idar da Asuba nake wucewa mayanka, sai bayan La'asar.

Da farko mun je gida biki. Muka dawo muka tarar an janye gado daga jikin bango, an sauke akwatunan lefenta daga kan wadirob an jibge a ƙasa, ga sawun takalmi a kan ledar ɗaki. Na tambaye shi, ya ce bango ya shiga dubawa ko yana tsotsar ruwa. Na haɗiye.

To, ranar Talatar nan da hantsi, ta fito daga wanka ke nan da ɗaurin ƙirji, sai ta ji ana murɗa mukulli. Sallamar da turo ƙofar tare suka zo. Baba Alhaji ne da ɗansa da wasu maza biyu da ba ta taɓa gani ba. Ta ruga uwar ɗaka ta saki labule. Ɗaya daga cikin mutanen ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo, falo, silin, tagogi, har bakin ƙofar da ta shige. Ta kira ni tana kuka ko magana ba ta iya yi. Ina tsaye a kan nama, wuƙa a hannuna, sai da wani abokin sana'ata ya karɓe ta ya zaunar da ni. Daga baya na ji cewa gidan ake son sayarwa, mutanen nan masu saye ne.

Bayan Magariba na same shi a ƙofar gida, na durƙusa na faɗa masa cikin ladabi cewa abin bai yi min daɗi ba. Ya ce, "Yaro, gidana ne, na gina shi tun ba a haife ka ba. Matarka kuwa 'yata ce. In zaman bai yi maka ba ga hanya nan, akwai masu jiran ɗakin a dubu 600."

Ni dai abin da na sani a sana'ata, in na sayar wa mutum cinya ya biya ni, ba na binsa gida in yanki tsoka in ce ai saniyata ce. Na biya kuɗin shekara, saura wata bakwai. Shin yana da ikon shiga don gidansa ne? Zan iya canza mukulli? Zai iya fitar da ni don na yi magana? In an sayar da gidan ina makomata? Wasu abokai sun ce in kai shi caji ofis, wasu sun ce in riƙe kuɗin baɗi har sai ya ba da haƙuri. Ba na son rigima da dattijo, amma ba zan iya tafiya aiki kullum zuciyata tana gida ba.

Lauya_a_Ikeja ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ba ka haƙuri, ya ba iyalinka. Ka gode wa abokin nan da ya zaunar da kai, don da ka je gida a wannan halin, da yanzu wata maganar muke yi.

Amsar tambayarka ta farko: a'a, ba shi da wannan ikon. Dokar da ta shafe ka ita ce Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011, kuma Agege na ƙarƙashinta. Unguwannin da aka cire daga cikinta su ne Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island. Rashin takardar yarjejeniya kada ya tayar maka da hankali, domin dokar ta amince da hayar da aka ƙulla da baki kamar yadda ta amince da ta rubuce. Rasit ɗin nan na takardar makaranta da shaidar tura kuɗi ta banki sun ishe ka hujja. Yau ɗin nan ka ɗauki hotonsu, ka tura wa wani ɗan'uwanka ya ajiye maka, tunda akwai mai shiga ɗakin ba ka nan.

Sashe na 6 na dokar ya ce ɗan haya yana da haƙƙin sirrinsa, da haƙƙin kada a dame shi ba gaira ba dalili, kuma shi kaɗai ke da ikon wurin da ya kama. An bar wa mai gida 'yar ƙofa ɗaya, ta duba lafiyar gininsa da yin gyara. Sashe na 7 ya faɗi yadda zai bi ta wannan ƙofar: da rana, a lokacin da ya dace, kuma sai bayan ya sanar da kai a rubuce tukuna. Ko da mun ɗauka cewa kawo masu saye yana cikin dubawar, sharaɗin sanarwar yana nan daram. Abin da hankali zai yi masa uzuri a kai shi ne larura ta gaske, kamar hayaƙi na fitowa ta taga ko ruwa na malala daga ƙarƙashin ƙofa kuma an neme ka ba a samu ba. Duba bango ba larura ba ce, nuna wa baƙi gida ma haka.

Mutane da yawa suna mamaki idan na ce musu ana iya kai mai gida ƙara a kan kutse cikin gidan da shi ya gina. Ana iyawa. A shari'ar kutse kotu tana duba wanda wurin ke hannunsa ne bisa halal, ba wanda sunansa ke kan takardar fili ba. Kana iya neman diyya, kana iya neman kotu ta hana shi sake shiga. Tsarin Mulkin 1999 ma a sashe na 37 ya kare sirrin 'yan ƙasa da na gidajensu.

Maganar "ga hanya nan" kuwa, baki ne kawai. Mai biyan shekara-shekara, in ba a yi wani sharaɗi daban ba, notis ɗin wata shida ake ba shi. Mai biyan wata-wata notis ɗin wata ɗaya, mai biyan wata uku ko wata shida kuma notis ɗin wata uku. In wa'adin ya cika ba ka tashi ba, sai ya sake ba ka takardar kwana bakwai cewa zai je kotu. Sannan a yi shari'a. Sannan in ya yi nasara ma'aikatan kotu ne za su zo, ba shi da 'ya'yansa ba. Wanda ya fitar da ɗan haya da ƙarfi, ko ya yi masa barazana ko ya takura masa don ya tashi, ko ya kware rufi don ya kore shi, sashe na 44 ya tanadar masa tarar da za ta iya kaiwa naira dubu 250 ko ɗaurin da zai iya kaiwa wata shida. Kuma Kotun Ƙoli ta daɗe da rufe wannan babin. A 1986 gwamnatin soja ta Jihar Legas da kanta ta sha kaye a gabanta saboda ta tura jami'ai da makamai sun fitar da Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana kotu. In gwamnati ba ta da ikon ɗaukar doka a hannunta, ina ga Baba Alhaji.

Wani abu guda da za ka lura da shi: akwai bambanci tsakanin mai hayar shekara-shekara da wanda aka ƙulla da shi a kan wa'adi ƙayyadadde. Na biyun, in wa'adinsa ya ƙare, takardar kwana bakwai kawai ake ba shi. Yadda ka bayyana naka, kuna sabuntawa duk shekara ba tare da wata takarda ba, ni a wurina mai hayar shekara-shekara ne kai. Amma kada ka sa hannu a kan wata sabuwar takarda da za a kawo maka yanzu sai wani lauya ya karanta maka.

In an sayar da gidan, wanda ya saya ya saye shi ne da ku a ciki. Wata bakwai ɗinka suna nan, kuma shi ma sai ya bi matakan da na lissafa.

Mukulli: sakata ta ciki ka sa ta gobe da safe, wannan ba sai ka tambayi kowa ba. Canza makullin ƙofar gaba ɗaya kuwa, dokar ta hana ɗan haya yin sauye-sauye a gini ba da rubutaccen izinin mai gida ba, kuma ba na so ka ba shi abin kamawa. Ka fara rubuta masa wasiƙa gajera mai ladabi. Ka faɗi ranar da aka shiga da waɗanda suka shiga, ka ce ba ka hana shi duba gidansa ba amma sai ya sanar da kai a rubuce kuma kana nan, ka ce saboda abin da ya faru kana neman canza makulli da kuɗinka, za ka ajiye tsohon ka mayar ranar da za ka tashi. Ka riƙe kwafi, ka miƙa masa a gaban shaida.

Kuɗin haya kada ka kuskura ka riƙe. Yanzu gaskiya duk tana hannunka, ranar da ka zama mai bashi ka raba ta biyu ka ba shi rabi. 'Yan sanda kuma ba su ke raba rigimar haya ba, sai in an kai ga barazana ko duka ko fasa ƙofa. In wasiƙa ba ta yi aiki ba, Ma'aikatar Shari'a ta Legas tana da cibiyar sulhu, Citizens' Mediation Centre, kyauta ce, kuma rigimar mai gida da ɗan haya na cikin manyan ayyukanta. Za su gayyace shi a zauna.

Ba zan ɓoye maka ba, doka ba za ta tilasta masa ya ci gaba da ba ka haya har abada ba. Yana iya jin haushi ya ba ka notis ɗin wata shida, kuma in ya bi ƙa'ida hakan halal ne. Saboda haka ka fara ɗan tara wani abu a gefe.

Ɗan_Sabon_Gari ya amsa:

Barista duk wannan dogon Turanci ne. Mutum ya shigar wa matarka da ƙarti, kai kuma kana durƙusa masa? Wallahi ni a daren zan sayo ƙaton kwaɗo in garƙame, da safe in tsaya a masallaci bayan sallah in faɗa wa jama'a abin da ya yi. Irin waɗannan ba sa jin wasiƙa, kunyar duniya kawai suke tsoro.

Almajirin_Zariya ya amsa:

Ɗan Sabon Gari, fushinka yana kan hanya, amma tona shi a masallaci tona matar ne. Gobe duk unguwa za a riƙa cewa ga wadda aka shigar wa tana ɗaurin ƙirji. Ba za mu wanke ɓarna da ɓarna ba.

Ɗan'uwa mai tambaya, abin da Barista ya faɗa ta fuskar doka, addini ya riga shi faɗa. A Suratun Nur aya ta 27 Allah ya hana muminai shiga gidajen da ba nasu ba har sai sun nemi izini sun yi sallama ga mutanen gidan. Aya ta 28 ta ƙara da cewa ko ba ku sami kowa a ciki ba kada ku shiga sai an yi muku izini, in kuma an ce ku koma to ku koma. Ka ga wannan ta amsa shigar farko, wadda aka yi kuna Funtua. Kuma malaman tafsiri sun faɗa ƙarara cewa wanda ya ba da gidansa haya ko aro, shi ma hanin ya hau kansa. Dalili shi ne a fiƙihu haya ciniki ne na amfani. Ginin nasa ne, amma zaman cikinsa ka saya ka biya, ya fita daga hannunsa har wa'adi ya cika. Sayar da gidan ma ba ya warware hayar a wurin mafi yawan malamai.

Sallamar da aka yi ana turo ƙofa ba neman izini ba ce. Hadisin Abu Musal Ash'ari da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna sau uku ake nema, in ba a ba ka ba ka juya. A wani hadisin kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce an sanya neman izini ne saboda gani. To wanda ya riga ya buɗe ya gani, me ya rage da zai nema? Ka duba aya ta 58 a surar ma, yaran gida da ba su balaga ba an ce su nemi izini a lokuta uku: kafin sallar Asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi, da bayan Isha. In an ce wa ɗan cikin gida haka, ina ga mai gidan haya da baƙinsa?

Cewar da ya yi matarka 'yarsa ce, magana ce ta al'ada mai daɗin ji, amma ba ta mayar da shi muharraminta ba, balle ɗansa, balle masu saye. Annabi ya yi kashedi a kan shiga wurin mata har ga dangin miji na jini.

Shawarata, kafin wasiƙar ta isa hannunsa ka sami limaminku a keɓe. Ka faɗa masa komai, ka roƙe shi ya kira Alhajin su biyu, ba a gaban jama'a ba. Dattijo yakan karɓi gyara daga sa'ansa wanda ba zai karɓa daga ɗan cikinsa ba. Girmama shi da kake yi abu ne mai kyau, ka ci gaba, amma girmamawa ba ta hana ka tsare mutuncin iyalinka. Wannan wajibi ne a kanka, ba zaɓi ba.

Tsohon_Kurna ya amsa:

Ni mai gidajen haya ne a nan Kano, bari in yi magana daga ɗaya ɓangaren, ba don in kare Alhajin ba.

Ku sani masu gida ba haka kawai suke son riƙe mukulli ba. Ni na ga ɗan hayar da ya cika uwar ɗaka da jarkokin fetur lokacin wahalar mai, maƙwabcinsa na girki da gas a bayan bango ɗaya. Na ga wanda ya kulle ɗaki ya bar gari ba sallama, sai wari ya fallasa cewa firij ya mutu da nama a ciki. Na ga wanda ya ba wa wasu hayar ɗakin a ɓoye yana karɓar ninki. Wanda ya zuba guminsa na shekaru a gini dole hankalinsa ya kasance a kai.

Amma ɗana, duk wannan ba ya halatta abin da aka yi maka. Mu da muka tashi muna ganin "Ba shiga" a rubuce a bakin zaure, mun san ko wan miji iyakarsa zaure sai an yi masa iso. Alhajinku ya san wannan sarai, zaman Legas bai mantar da shi ba. Abin da nake zargi shi ne masu sayen sun zo ba shiri, ya ji tsoron ciniki ya kuɓuce, da ka same shi kuma kunya ta kama shi sai ya rufe ta da faɗa. Mu tsofaffi muna da wannan halin.

Ga yadda nake yi. In ina son duba ɗaki, ina bugo waya kwana biyu kafin nan, mu sa lokacin da mai ɗakin yake gida. In gyara ne na gaggawa kuma matar ce kaɗai, uwargidana nake turawa ta shiga ta zauna da ita, sannan mai gyara ya shiga. Mukullin ajiya kuwa ba ya zama a aljihuna. Ana sa shi a ambulan a liƙe, ɗan hayar ya sa hannu a kan bakin, in an buɗe zai gani kuma sai an faɗa masa dalili.

Ka kai masa wannan a matsayin mafita. Ka ce masa, Baba, ba na hana ka sayar da gidanka, a sa rana ɗaya a mako, misali Juma'a bayan an sauko, ina gida, duk mai son gani ya zo. Ka ga ka ba shi hanyar sauka ba tare da ya ce ya yi laifi ba. In liman bai iya da shi ba, kuna da fadar Sarkin Hausawan Agege, irin wannan maganar ba baƙuwa ba ce a can.

Maman_Hanifa ta amsa:

Duk kun yi magana mai kyau, amma kowa yana maganar mukulli da notis, ba wanda ya tambayi halin da baiwar Allahn nan take ciki. Yarinya an rabo ta da garinsu, ba ta jin yaren mutane, wuri ɗaya tak take da shi a duk faɗin Legas da za ta cire hijabi ta sake, shi ma an nuna mata ba nata ba ne.

Ni an taɓa yi min makamancin haka a Kaduna muna sabon aure, mai gida ya turo mai gyaran wuta ya faɗo min ba sallama. Na daɗe ko wanka ba na iya shiga sai na jingina turmi a bayan ƙofa, motsi kaɗan gabana ya faɗi. Abin da ya fi yi min ciwo ba shigar ba ce, cewar da aka yi min "ai ba komai, ki manta."

Malam, don Allah kada ka ce mata haka. Kada kuma ka tambaye ta me ya sa ba ta sa kaya ba, a ɗakinta take. Ka sa sakatar a gabanta, ka ce mata ko waye ya buga, ko Baba Alhajin ne, ba rashin kunya ba ne ta amsa daga ciki ta ce mijinta ba ya nan. Ka haɗa ta da wata matar kirki a cikin gidan ko maƙwabta wadda za ta iya kira in ta ji motsi, don kai kafin ka taso daga mayanka an daɗe. Ka kuma faɗa mata duk matakin da kake ɗauka, ta san ba a share maganar ba.

Sannan bidiyon nan. Ni shi ya fi tsaya min a rai. Waye ya san abin da ya shiga ciki, kuma wayar wa da wa ya je? Dillalan gidaje a WhatsApp suke yawo da irin waɗannan. A nemi mutumin ya goge a gaban mijinta.

Mahauci_Funtua ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, maganarki ta shige ni. Tun ranar ba ta yarda ta yi wanka sai na dawo, abinci ma sama-sama take ci. Kafinta ya sa sakata biyu, sama da ƙasa, kuma matar maƙwabcinmu 'yar Sakkwato ta ce za ta riƙa leƙa ta.

Na sami liman kamar yadda Malam ya ce, ya kira Baba Alhaji sun zauna. Bai ce ya yi kuskure ba, amma ya yarda da maganar Juma'a, kuma ya ce ba zai sake zuwa ba sai ya kira ni. A kan mukulli ne ya kafe, ya ce ba za a canza masa makullin ƙofa ba, ambulan ɗin ma bai karɓa ba. Bidiyo kuma ya ce shi bai ga an ɗauka ba.

Barista, tunda an yi sulhu da baki a gaban liman, har yanzu sai na kai wasiƙar? Ina tsoron kada ya ga kamar na raina zaman da aka yi. Kuma ya zan yi da maganar bidiyon tunda ban san mutumin ba?

Lauya_a_Ikeja ya sake amsawa:

Ka kai, amma ka sauya mata fuska. Maimakon wasiƙar ƙorafi, ta zama takardar abin da aka amince a kai: ranar da aka zauna, cewa ba za a shiga ba sai an sanar da kai kuma kana nan, cewa masu saye Juma'a za su riƙa zuwa. Ka roƙi liman ya karanta masa, su sa hannu ku uku. In ya ƙi sa hannu, sa hannun liman ya wadatar, ka kuma tura masa hotonta a waya don a sami kwanan wata. Wannan takardar za ta yi maka amfani har a gaban wanda zai sayi gidan.

Makulli ka bar shi a haka tukuna. Sakata ta tsare lokacin da take ciki. Lokacin da za ku fita ku duka kuwa, ka sa kwaɗonka a ƙofar uwar ɗaka, ka kuma rubuta a takardar cewa in aka sake buɗe ƙofar ba da saninka ba za ka canza makullin ka kai maganar cibiyar sulhu.

Bidiyo kuma ɗansa za ka nema, ba uban ba. Shi yana wurin, kuma da wuya a ce ba shi da lambar mutanen ko ta dillalin da ya kawo su. Ka ce masa a kira mai wayar ranar Juma'ar farko, ya buɗe a gabanka, ya goge, ya faɗi wanda ya tura wa. In suna son hoton ɗakin don ciniki, a ɗauki sabo kana tsaye, bayan iyalinka ta shiga wurin maƙwabciya. Ka kuma tambayi maƙwabtanka ko wani ya ga shigarsu ranar Talatar, ka rubuta sunansa ka ajiye.